Hemi 426 ko 440 mai kafireto uku: wanne ya fi dacewa a cikin 'Cuda ta 1970?

A shekarar 1970, duk wanda ya shiga wurin dillalin Plymouth a Amurka da niyyar sayen 'Cuda, wato samfurin Barracuda mai zafi, sai ya tsaya a kan maganar inji kafin ya zaɓi launi. Motar da injinta na asali, 383 (lambar girman inji ce a awon inci, haka ma 440 da 426), dala 3,164 ce. In ya ƙara kusan dala 250, a sa masa 440 mai kafireto uku. In kuma ya ƙara dala 871, a sa masa Hemi 426. Wannan ƙarin ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar gaba ɗaya, shi ya sa masu rufin ƙarfe 652 kawai aka yi da Hemi a shekarar, sai 14 masu naɗe rufi. Waɗanda suka ɗauki 440 mai kafireto uku sun kusan ninka wannan adadi sau uku.

Fiye da shekara hamsin ke nan, tambayar tana nan yadda take ga mai neman ɗaya daga cikin motocin nan, sai dai kuɗin ya wuce inda kowa ya zata. Ra'ayina, tun kafin mu yi nisa, shi ne: wanda zai riƙa tuƙa motar ya ɗauki 440. Hemi na wanda ke sayen tarihi ne, ko wanda ke da niyyar shiga filin tsere da gaske. Ina ƙaunar Hemi, kuma ban san injin Amurka da ya kai shi kwarjini ba, amma ƙauna daban, zaman yau da kullum daban.

Asalin injinan biyu shi ke bayyana halinsu. Hemi 426 ba don titi aka haife shi ba. Injiniyoyin Chrysler, kamfanin da ke da Plymouth da Dodge, cikinsu har da Tom Hoover wanda ake kira uban Hemi, sun ƙera shi cikin gaggawa don su kayar da Ford a NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka. Ranar 23 ga Fabrairun 1964 ya fito a tseren Daytona 500, Richard Petty ya yi na ɗaya da Plymouth ɗinsa mai lamba 43, bayan ya ja gaba a zagaye 184 cikin 200, na biyu da na uku ma duk Plymouth ne masu Hemi. Hukumar tseren ta ga abin ya yi yawa, sai ta ce injin da ba a sayar wa jama'a ba zai shiga gasar 1965 ba. Chrysler ya ƙaurace wa mafi yawan kakar, Petty ya koma tseren miƙaƙƙiyar hanya na ɗan lokaci. Dole ce ta sa kamfanin ya fito da Hemi na titi a 1966: aka rage masa matsi zuwa 10.25, aka sa masa kamshaf mai ɗan sauƙi, aka ɗora masa kafireto biyu na Carter masu maƙogwaro huɗu-huɗu. An dai lallashe shi ne ya zauna a gari, amma jininsa na fili ne. A 1967 Petty ya ci tsere 27 da shi, goma daga ciki a jere. A Maris na 1970 Buddy Baker ya haura mil 200 a awa a filin Talladega da Dodge Charger Daytona mai Hemi.

Shi kuwa 440 ta wata ƙofar ya shigo. A 1966 aka fara sa shi a manyan motocin alfarma irin su Imperial da New Yorker, aikinsa ya ja mota mai nauyi cikin natsuwa ba tare da hayaniya ba. A 1967 aka ƙara masa kuzari ya kai ƙarfin doki 375. Sai a tsakiyar 1969 aka ɗora masa kafireto uku na Holley masu maƙogwaro biyu-biyu a kan bututun shigar iska na alminiyam na Edelbrock, aka sa shi a Road Runner da Super Bee masu bonet ɗin fayiba da ake cire shi gaba ɗaya bayan an zare fil huɗu. Dodge na kiransa Six Pack, Plymouth na kiransa Six Barrel, inji ɗaya ne. Ɗaya ya sauko daga filin tsere zuwa titi, ɗaya ya taso daga titi yana leƙen fili.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne 'yan gida ɗaya ne. Dukansu silinda takwas ne, daga dangin babban bulo ɗaya na Chrysler suka fito, kuma tafiyar fistin ɗinsu daidai take, inci 3.75. Faɗin silinda ne ya ɗan bambanta: 4.25 a Hemi, 4.32 a 440, shi ya ba da lita 7.0 da lita 7.2. Duk rigimar a saman inji take, wurin da makanikai ke ce wa tof.

A cikin Hemi, ɗakin da fetur ke ƙonewa kamar ƙoƙon da aka kife yake, rabin ƙwallo, wato hemisphere da Turanci, daga nan ma sunan ya samo asali. Wannan siffa ta ba da damar a sa manyan bawul biyu suna fuskantar juna, na shigar iska mai faɗin inci 2.25 a gefe guda, na fitar hayaƙi mai 1.94 a ɗaya gefen, fulogi kuma a tsakiyar rufin. Iska ta shigo ta nan, ta fice ta can, kusan a miƙe, wuta kuma ta tashi daga tsakiya ta bazu daidai. Inji dai numfashi ne. Wanda ya fi iya shaƙa da fesarwa a lokacin da yake gudu shi ke da ƙarfi, kuma a nan Hemi ya yi wa tsararrakinsa nisa. Amma akwai kuɗin da ake biya. Tun da bawul ɗin ba a layi ɗaya suke ba, kowane tof na buƙatar shaf biyu na roka, da dogayen hannuwa, da sandunan turawa masu karkata. Tof ɗin ya yi faɗi, ya yi nauyi, ya yi tsada. Girman nan ne ya sa Amurkawa suka yi masa laƙabi da Giwa. Tsadar ƙira ce ma ta sa Chrysler ya daina Hemi ɗinsa na farko a 1958, bayan ya fara shi a 1951.

A 440 kuwa ɗakin ƙonewar kamar bakin gatari yake, kauri a gefe guda, siriri a ɗayan. Sunan da Amurkawa ke kiran wannan siffa, wedge, shi ne ainihin kalmar da ta ba mu weji, katakon nan da yaran mota ke cusawa ƙarƙashin taya. Bawul ɗin a jere suke, shaf ɗaya ya ishe su. Ba ya numfashi kamar Hemi in gudu ya yi gudu, amma hanyoyin iskarsa da ba su kai na Hemi faɗi ba suna sa iskar ta shiga da sauri tun injin na ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne sirrin ƙarfinsa a titi.

A takarda, Hemi na da ƙarfin doki 425 a juyi 5,000 cikin minti, 440 na da 390 a juyi 4,700. Mai karanta wannan kaɗai zai ce magana ta ƙare. To amma a duba ƙarfin murɗawa, wanda shi ne ke manna bayanka da kujera in ka taka totur. Dukansu 490 ne a ma'aunin Amurkawa na fam da ƙafa. Bambancin shi ne 440 na ba da nasa a juyi 3,200, Hemi sai ya kai 4,000. Juyi ɗari takwas ɗin nan shi ne kusan dukkan labarin. Daga danja zuwa danja, ko wajen wuce babbar mota a hanya, injinka tsakanin 2,000 da 4,000 yake yawo, kuma a nan 440 ya riga ya farka yayin da Hemi ke miƙa. Sai an haura juyi 5,000 ne Hemi ke nuna ko shi wane ne, a lokacin da 440 ya fara haki. Sautinsa ya canza, motar ta ci gaba da ja kamar yanzu ta fara. Wanda ya taɓa jin wannan ba zai yi mamakin sunan da injin ya yi ba. Tambayar kawai ita ce sau nawa a shekara za ka kai can, a kan titin da ke da 'yan sanda da sauran jama'a.

A lura kuma cewa waɗannan alƙaluma na tsohon awo ne, wanda ake yi da inji tsirara a kan benci, babu salansar mota, babu sauran kayan da ke cin ƙarfi. Da aka fara bayyana sabon awo a 1971, Hemi ya tashi a 350. A ɗaya ɓangaren, masana da yawa sun daɗe suna cewa 425 ɗin ma an rage shi ne da gangan, domin injin na ci gaba da ƙara ƙarfi bayan juyi 5,000 da aka tsaya a kai.

A tseren rubu'in mil, kusan mita 400, motocin biyu yadda suka fito daga masana'anta sukan gama cikin daƙiƙa goma sha uku da wani abu zuwa sha huɗu, gwargwadon direba da giya da taya. A 1969 shahararren direba Ronnie Sox ya yi daƙiƙa 12.91 da Road Runner mai 440 da kafireto uku a gwajin wata mujalla, abin da ya girgiza masu Hemi. Gaskiyar da tsofaffin 'yan tsere ke maimaitawa ita ce: Hemi da ya sami saiti mai kyau zai wuce 440, amma Hemi da saitinsa ya ɗan goce 440 zai bar shi a baya, kuma yawancin waɗanda ke yawo a gari saitinsu a goce yake. In kuwa aka buɗe inji aka fara gyare-gyare, aka canza kamshaf, aka sa buɗaɗɗun bututun hayaƙi da tayoyin tsere, to ba a haɗa su. Har yau injinan manyan motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya na ajin Top Fuel, masu ba da ƙarfin doki sama da dubu goma, a kan tsarin Hemi 426 ake ƙera su. Ƙasan Hemi ma an yi shi ne don wahala: murafan da ke riƙe karanshaf an ɗaure su da ƙarin kusoshi ta gefe, abin da 440 ba shi da shi.

Yanzu maganar zama da su, wadda ita ce ta fi damuna. Hemi ba ya son silo, ba ya son cunkoso. In aka daɗe ana jan jiki da shi a gari sai fulogi su yi baƙi, ya fara tari, sai an fita babbar hanya an sake masa linzami ya share maƙogwaro. Kafiretonsa biyu da sanda ake haɗa su, na baya ya fara buɗewa, na gaba ya biyo, kuma daidaita su na son hannun wanda ya san aikin. Daga 1966 zuwa 1969 tafet ɗinsa na ƙarfe zalla ne, dole a riƙa buɗe murfi ana saita bawul lokaci zuwa lokaci. A 1970 aka koma masu aiki da matsin mai, wannan wahala ta ragu, kuma wannan babban dalili ne na fifita samfurin 1970 da 1971 ga wanda ya nace sai Hemi. Kamfanin da kansa ya san abin da ya sayar: garantin Hemi wata 12 ne ko mil 12,000, alhali sauran injinan Chrysler na yau da kullum suna da shekara biyar ko mil 50,000. Abu ɗaya da zan yaba masa a wajen gyara shi ne fulogi. Ta tsakiyar murfin bawul suke shiga, a sama, a fili. Na 440 a gefe suke, kusa da bututun hayaƙi mai zafi, sai an yi dabara.

Tsarin kafireto uku na 440 ya fi wayo fiye da yadda yake a ido. A tafiyar yau da kullum na tsakiya kaɗai ke aiki, kamar dai ƙaramar mota mai maƙogwaro biyu. Sai ka danne totur, injin ya nemi iska, sannan zuƙar iskar ta buɗe na gaba da na baya. Saboda haka yana tashi da safe ba gardama, yana zama a silo lafiya, kuma in ka tausaya wa ƙafarka yana ɗan tausaya wa aljihunka. Ba wai ba shi da nasa ciwon ba. Robar da ke buɗe kafireton gefe takan tsufa ta tsage, gasket kan yi yoyo, in na gefen ba su rufe sosai ba silo ya lalace, in kuma suka buɗe da wuri motar ta yi kamar za ta shaƙe kafin ta zabura. Amma duk bakaniken da ya san Holley zai iya da shi, kuma kayansa na nan a kasuwa.

Maganar kayan gyara ma ta karkata gefe guda. An ci gaba da ƙera 440 har 1978, an sa shi a motocin 'yan sanda, da manyan motocin iyali, da motocin nan masu ɗaki a ciki da Amurkawa ke yawon buɗe ido da su. Bulo da karanshaf da tof ba sa wuyar samu. Hemi na titi shekara shida kawai ya yi, 1966 zuwa 1971, kafin tsadar inshora da dokar tsabtace iska ta 1970 da shirin komawa fetur marar dalma su rufe babinsa. Duk wani ƙarfe nasa na asali yanzu dukiya ne. Ka fasa bulon 440, ka yi baƙin ciki ka nemo wani. Ka fasa bulon Hemi mai ɗauke da lambar motarka, ka yi asarar da ba ta da magani, domin babban rabon darajar motar a jikin wannan ƙarfen yake. Wannan tsoron ne ke sa masu Hemi na asali da yawa ba sa taka shi yadda aka yi shi don a taka, kuma abin na ba ni takaici: injin da aka haifa don Daytona ya ƙare ana tura shi daga tirela zuwa filin baje koli.

Akwai inda suka yi kunnen doki, kuma ya kamata mai saye ya sani. Babu wanda aka sayar da na'urar sanyaya ɗaki a cikinsu. Dukansu suna shan mai kamar rairayi, dukansu suna son fetur mai daraja saboda matsinsu ya haura goma, kuma an yi su ne a zamanin fetur mai dalma, don haka in za a yi aikin tof yana da kyau a sa mazaunin bawul mai tauri. Kamshaf ɗinsu na tsohon yayi ne, yana buƙatar baƙin mai mai isasshen sinadarin zinki, in ba haka ba ya cinye. Dukansu sun yi wa gaban 'Cuda nauyi, Hemi ya fi, saboda haka a kwana motar na son ta miƙe. Birkin asali na ganga ne, na faifai a gaba sai wanda ya biya ƙari, kuma ni ba zan tuƙa ko ɗaya ba tare da shi ba. Giya kuwa zaɓi biyu ne a duka: ta hannu mai huɗu da sandar Hurst mai kamar mariƙin bindiga, ko TorqueFlite mai canza kanta. Ta hannu ta fi daɗi da tsada a yau, mai canza kanta ta fi sauƙin tashi ba tare da taya ta yi ta juyawa a banza ba, kuma ta fi dacewa da Hemi a cikin gari.

A wajen kuɗi ne Hemi ke rama duk abin da ya rasa. 'Cuda mai Hemi ta asali, mai rufin ƙarfe da cikakkun takardu, ɗaruruwan dubban daloli ake magana, mai 440 kuma ƙasa da haka sosai ko da yanayinsu ɗaya. A 2014, a gwanjon Mecum da aka yi a Seattle, an sayar da Hemi 'Cuda ta 1971 mai naɗe rufi dala miliyan 3.5. Wanda ke neman abin da zai ajiye ya riƙe daraja, harafi ɗaya a lambar mota ya fi masa komai muhimmanci. Kuma inda kuɗi ya taru, nan 'yan damfara ke taruwa.

Harafin nan shi ne na biyar a lambar shasi. A 1970 da 1971, R na nufin Hemi, V na nufin 440 mai kafireto uku, U kuma 440 mai kafireto ɗaya. 'Cuda mai rufin ƙarfe ta 1970 da aka haɗa a masana'antar Hamtramck ta jihar Michigan za ta fara da BS23R0B in Hemi ce, BS23V0B in 440 mai uku ce. A ƙaramin allon ƙarfe da ke cikin ɗakin inji za a ga E74 ga Hemi, E87 ga ɗayan. Amma allo ana iya buga sabo, ana iya cire lamba daga ruɓaɓɓiyar mota a manna wa lafiyayya. Don haka sai an duba ko ƙarshen lambar ya yi daidai da wanda aka buga a jikin bulo da giyabos, da wanda ke kan ƙarfen da ke riƙe lagireto da kuma ƙasan gilashin gaba. A nemi takardar masana'anta da ma'aikata kan cusa a cikin kujera. A leƙa ƙasa a ga ƙarin ƙarafan ƙarfafa jiki da ake sa wa motocin Hemi. Kuɗin da za a biya masanin motocin Chrysler ya zo ya duba kafin a yi ciniki ba asara ba ne, ko da 440 ce, domin ita ma ana yin jabunta daga Barracuda mai ƙaramin inji.

Tsatsa kuma ba ta san R ko V ba. Jikin motocin nan da ƙashinsu a haɗe suke, don haka in ƙarafan baya, ko ƙasan but, ko wurin da sandunan sifirin na gaba ke kamawa sun ruɓe, aikin ya fi na inji tsada. Lafiyayyar 440 ta fi ruɓaɓɓiyar Hemi sau goma ga wanda ba shi da garejin kansa.

Akwai hanya ta uku ga wanda sautin Hemi ya hana shi barci amma ba ya son ɗaukar nauyin tarihi. Tun shekarun 1990 Mopar, sashen kayan gyara na Chrysler, ya dawo da sayar da sabon Hemi a akwati, wasu kamfanoni kuma na yin bulo da tof nasa, har da na alminiyam masu rage nauyin gaba. Sai a sami Barracuda da ta fito da 318 ko 383, a sa mata shi, a gyara birki da lagireto, a faɗa wa kowa gaskiya cewa haɗi ne. Tof ɗin Hemi ba ya hawa bulon 440 kai tsaye, mazaunin injin ma daban ne, saboda haka a yi lissafin aikin tun farko. Irin wannan motar ba za ta yi darajar ta asali ba, amma za ka iya kai ta juyi 6,000 ba tare da gabanka ya faɗi ba.

In ka je duba ko wacce daga cikinsu, ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, ka tayar da kanka, ka saurari ƙarar tafet a minti na farko, ka duba launin hayaƙi. Sannan ka nemi a shiga cunkoso na rabin awa kafin a fita babbar hanya, idonka na kan allurar zafi da ta matsin mai. Bayan an dawo, a kashe ta minti goma, a sake tayarwa da zafinta, a kuma zare fulogi biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, a duba bakinsu.